Jan Goro a Ƙwaryar Ƙuri'a

An yi wani mutum, jama'a, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba, shekaru masu yawa da suka wuce. Wani bawan Allah ne ana ce masa Baba Hambali, mai gadin makarantar firamare. Ba shi da gona, ba shi da boko. Abin da ya mallaka kujerar katako ce a bakin ƙofa, da goron da ba ya rabuwa da bakinsa, da jika guda ɗaya. Ku na baya masu hira, ku matso ku saurara.

Jikar nan 'yar 'yarsa ce. Uwarta ta rasu tana da shekara biyar, ta dawo hannunsa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, don haka bai taɓa kama sunan ba, Uwani yake ce mata. Kwano ɗaya suke ci, shi da ita, safe da yamma.

To, a ajin su Uwani akwai wata malama, Malama Barira, tana da littafi mai hotunan dainoso, wato manyan dabbobin nan da Allah Ya halitta kuma Ya shafe su tun kafin ɗan Adam, sai ƙasusuwansu ake tonowa. Kowace shekara takan rubuta sunayensu a ƙananan takardu, kowace da ɗan zanenta, a naɗe, a zuba a ƙwarya, kowane yaro ya sa hannu ya ɗauki ɗaya. Wanda ka ɗauka shi ne naka. Ka koyi labarinsa, ka gina shi da yumɓu, ranar ba da hutu ka tsaya gaban iyaye ka yi bayani. Kun san yara. Wannan yana son mai manyan haƙora, wancan yana son mai ƙaho uku. Akwai kuma wani ɗan ƙarami da ake kira ɓarawon ƙwai, shi kam ba mai so. Don kada a ce malama ta yi son kai, Baba Hambali ake ba naɗin takardun da riƙon ƙwaryar.

Ita Uwani mai dogon wuya take so, kuma da dalili. Lokacin da uwarta take da rai, takan ɗora ta a wuya su tsaya ƙarƙashin bishiya, ta ce, "Mun zama mai dogon wuya, tsinko mana ganye mu ci." Abin da yarinyar ta fi tunawa da uwarta ke nan.

Ranar ƙuri'a da safe, Baba Hambali yana zaune yana naɗe takardu talatin, Uwani tana gefensa. Ya ɓare goro, ya tauna, ya goge baki da ɗan yatsa, ya ɗauki takarda ya naɗe. Sai ga ja a bayanta. Takardar wa? Ta mai dogon wuya. Kuma Uwani ta gani.

Ta riƙe masa hannu, ta yi ƙasa da murya. "Kaka, ka bar ta haka."

Ya ce, "Uwani, ai ta yi alama."

Ta ce, "Ni kaɗai na gani. Ba zan faɗa wa kowa ba. Wannan kaɗai, Kaka. Ban taɓa roƙonka komai ba."

Aka kaɗa ƙararrawa, ta ruga aji tana waiwayensa tana murmushi.

Ku saurara, jama'a. Ba filin gado ba ne, ba kujerar mulki ba ce. Takarda ce da ba ta kai faɗin ganyen zogale biyu ba, mai roƙon kuma marainiya ce, kuma ita kaɗai gare shi a duniya. Ni da nake zaune ina yi muku wa'azin nan, wallahi ban san abin da zan yi ba da ni ne. Shi ma ya daɗe yana juya takardar a hannu. Amma yara ashirin da tara ne a ajin bayan ita, kowanne da abin da yake so, kuma shi aka ba ƙwaryar. Sai ya sake jiƙa ɗan yatsansa da goro, ya bi takardun nan ɗaya bayan ɗaya yana dangwala musu ja, har ya gama duka.

Da layi ya zo kan Uwani, ta leƙa ƙwarya ta ga ja ko'ina. Ta ɗago ta dube shi. Ya sunkuyar da kai. Ta sa hannu ta ɗauka, ta buɗe, sai ga ɓarawon ƙwai. Aji ya kwashe da dariya. Mai dogon wuya kuwa wani yaro Nafi'u ne ya samu, yana ta tsalle.

Kwana uku Uwani ba ta ce masa uffan ba. Ta nemo wani ɗan kwano ta raba abincinta, ta juya masa baya. Bai yi mata faɗa ba, bai kare kansa ba. Sai dai tuwonsa ya riƙa kwana a kwano, goron ma ya daina yi masa daɗi.

A rana ta huɗu ya je wajen Malama Barira, ya ce, "Malama, don Allah ki karanta min labarin ɓarawon nan, ko yana da wani halin kirki." Ta karanta. Ya ce ta maimaita. Sau uku ta maimaita, har ya riƙe.

Bayan la'asar ya zauna a tsakar gida yana kwaɓa yumɓu, yana magana kamar da kansa yake yi. "Ashe ƙarya aka yi wa dabbar nan da ake ce wa ɓarawon ƙwai, baiwar Allah. Waɗanda suka fara tono ta sun same ta kusa da ƙwayaye, suka ce sata ta je yi. Sai daga baya aka tono wata irinta, kwance a kan sheƙarta, ta rufe ƙwayayen da hannuwanta. Nata ne. Ƙasa ta zo ta binne ta a haka, ba ta tashi ba."

Uwani ba ta juyo ba, amma ta ce, "Ba ta gudu ba?"

"Ba ta gudu ba, Uwani."

Can ta ce, "Inna ma da ciwo ya yi tsanani, ba ta yarda an ɗauke ni daga gefenta ba."

Hawaye suka zubo wa tsoho, don uwar ai 'yarsa ce. Suka yi kuka tare. Da aka sauke tuwo, yarinya ta ɗauko ɗan kwanonta ta juye a nasa.

Ranar ba da hutu ta tsaya gaban iyaye da 'yar dabbarta ta yumɓu a kan ƙwayaye, ta ce, "Wannan ba ɓarauniya ba ce. Uwa ce." Ba wanda ya yi dariya. Da aka tashi, Baba Hambali ya durƙusa a bakin ƙofa, da ciwon bayansa da komai, ya ce, "Hau." Ya miƙe da ita a wuya har ƙarƙashin bishiya, ta tsinko musu ganye.

To jama'a, amana ba ta da ƙarama, kuma wanda zai fi jarraba ka a kanta ba maƙiyinka ba ne, wanda kake so ne. Ban ce muku kullum sai abin ya ƙare da daɗi haka ba. Lokacin da ya dangwala goron nan, bai san abin da ke cikin littafin malama ba, ya dai san ba shi da ikon ba jikarsa abin da yake na yara talatin. Kowannenmu nan yana riƙe da wata ƙwarya: mai rabon naman layya, mai tsaron layin famfo, mai ɗaukar ma'aikata, uban da yake raba tsaraba tsakanin 'ya'yansa. Ranar da naka ya riƙe maka hannu ya ce shi kaɗai ya gani, ka tuna ba shi kaɗai ba ne. Allah Ya ba mu ikon riƙe abin da aka ba mu. Ku tashi mu yi alwala.