Jar Tukunyar Inna Tabawa

Ku ajiye wayoyin nan ku matso. Labarin yau ba na dariya ba ne, ni kaina ban taɓa ba da shi ba raina bai ɓaci ba.

A wata unguwa an yi wata dattijuwa, Inna Tabawa, mijinta ya daɗe da rasuwa. Shekara arba'in tana hura itace, da tuwon sayarwa ta raini 'ya'yanta maza uku, har hayaƙi ya ci mata ido. Likita ya duba ta ya ce ganin da ya rage mata kaɗan ne, in ba ta rabu da murhu ba, baɗi war haka sai an yi mata jagora. Ta dawo gida ta tara 'ya'yan, ta ce, "Ban taɓa roƙonku komai ba. Ku samo mini abin girkin nan na gas, ina so in ci gaba da ganin jikokina." Suka ce, "An gama, Inna."

Babban, Haladu, shi ya ɗauki sayen tukunyar gas ɗin. Mutumin nan fa tukunya biyu gare shi a gidansa, sababbi fil daga shago. Amma da aka zo kan uwar da ta haife shi, sai ga shi a wurin 'yan gwangwan yana tonon tarkace. Ya ciro wata, ya juya gindinta, tsatsa ta zubo masa a tafin hannu kamar garin barkono. Mai kayan ya yi ta rantsuwa cewa daga gidan wani babban ma'aikaci ta fito, lafiyarta ƙalau. Haladu ya ce a ransa, tsohuwa ita kaɗai, me za ta dafa da sai sabuwa? Ya ɗaure ta a bayan babur. A yi masa adalci dai, bai ɓoye tsatsar ba, yadda ya saye ta haka ya kawo ta, kowa yana iya gani.

Na tsakiya, Ɗayyabu, mai fentin mota ne. Yana ganin tukunyar kunya ta kama shi, ya ce, "Haba Yaya, wannan za mu kai wa Inna maƙwabta suna kallo?" Ya tafi da ita gareji ya kankare tsatsar, sai ga ramuka a gindin, ɗaya har farce yana nutsewa a ciki. Ya kwaɓa abin da suke cike lotsewar mota da shi, ya shafe ramukan, ya goge sumul, ya fesa jan fenti har sau biyu. Tukunya ta fito tana sheƙi. Shi a ganinsa gyara ya yi, ya fitar da gidansu kunya. Bai tsaya ya tambayi kowa ko tukunyar gas da ƙofar mota abu ɗaya ne ba.

Autan, Tanimu, shi aka ba ya je a cika ta, kuma ba wanda ya gaya masa daga inda ta fito. Mai gas ɗin da ya fara zuwa wurinsa tsohon hannu ne. Ya ɗaga ta, ya ƙwanƙwasa gindin da makulli, ya ce, "Malam, wannan ta mutu, kwalliya kawai aka yi mata. Ba zan zuba ba." Tanimu ya ga sababbin tukwane jere a shagon, sai ya ɗauka dabara ce ta a sayar masa da wata. Ga Inna ta kira shi sau uku, har ta rabar da itacenta. Ya ja tsaki, ko yayyensa bai kira ya tambaya ba, ya wuce wurin wani mai rumfa a bakin titi wanda ba ruwansa da tambaya, aka cika masa ita taf.

Ranar nan Inna Tabawa ba ta zauna ba don murna. Ta kira matan maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, tana shafa jan fentin tana cewa, "Ku gani, sabuwa dal yaran nan suka sayo mini." Su uku suna tsaye suna karɓar albarka, ba wanda ya gyara mata zancen.

Kwana uku ke nan, bayan la'asar, ta shiga ɗakin girki. Ta ji wari, amma an ce mata ai gas dama yana ɗan wari. Ta ƙyasta ashana.

Maƙwabta ne suka jawo ta daga wutar. Ta rayu, amma idon da aka yi duk hidimar nan dominsa ya tafi gaba ɗaya.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, har yau baiwar Allahn nan ba ta san gaskiya ba. In sun zo gaishe ta sai ta lalubi kawunansu ta ce, "Kada ku sa damuwa a ranku, ku ma cutarku aka yi." Kuma bayan kowace salla takan ɗaga hannuwanta da suka ƙone ta ce, "Wanda ya cuci 'ya'yana ya raba ni da ganina, Allah ya isa tsakanina da shi." Sai ta juya inda take jin numfashinsu ta ce, "Ku ce amin mana."

Kun dai san nauyin bakin uwa. To ga su nan a durƙushe gabanta: wanda ya ga tsatsa ya saya, wanda ya ga rami ya rufe, da wanda aka yi wa kashedi ya toshe kunne. Ku gaya mini, in suka ce amin, a kan wa za ta sauka?