Laban, Farin Karen da Ya Koma Ja

Na rantse da Allah rabinku ba za su yarda da wannan labari ba. Amma ku karanta tukuna.

Akwai wani saurayi a unguwar Mansur, can ƙasa mai tsarki, da ake kira Mukhtaru. Tun a aji biyu ya ajiye littafi, amma a fagen tsokana babu wanda ya kama ƙafarsa. Shi ne ya taɓa juye wa mai shayi gishiri a gwangwanin sukari, sannan ya zauna yana taya shi tsine wa mai laifin.

Yana da kawu, Abdulbaƙi, dattijo mai garken tumaki a bayan unguwar Kudai, can gindin duwatsu. Kawun na da karen gadi fari fat, shi ya sa ya raɗa masa suna Laban, wato nono da Larabci. Kullum da safe sai ya ɗauki hotonsa a waya.

Wata rana Mukhtaru ya ce, "Kawu, mutane na tahowa daga bangon duniya su ɗauki hoton Masallacin Harami, kai kuma ka cika waya da kare?"

Kawu ya ce, "Shekara bakwai yana gadina, ya waladi, ɗana. Kai ko na awa guda ba ka taɓa yi ba."

Mukhtaru ya ƙulla maganar a ransa.

Ranar Alhamis da hantsi, Kawu ya tafi sayo ciyawa. Mukhtaru ya saci kwanon lallen da yayarsa ta kwaɓa don biki, ya zo garke ya laɓta wa Laban tun daga kai har jela. Nufinsa ya ga tsoho ya kori karensa da kansa, ya samu abin ba da labari na wata guda.

Da lallen ya kama ya wanke, kare ya fito ja jawur. Sai dai gwanin ya manta abu ɗaya: da hannu tsirara ya yi aikin. Yana tsaye yana kallon tafukansa, Laban ya suɓuce ya tsallake katanga.

Bayan katangar nan kuwa garken maƙwabcin Kawu ne, Majid, wanda wani jan karen dutse ya kashe wa 'yan tumaki biyu ranar Talata.

Ko da Kawu ya dawo suka bi sawu shi da Mukhtaru, Majid ya riga ya zarge wuyan karen da igiya. Hannunsa ɗaya na riƙe da igiyar, ɗayan da bututun ƙarfe. Mukhtaru ya cusa hannayensa cikin aljihun jallabiya.

Majid ya ce wa Kawu, "Ya ammi, baffana, matsa baya. Yau na kama ɓarawon."

Karen ya hango Kawu, ya hau kaɗa jela yana kuka ƙasa-ƙasa. Kawu ya ƙura masa ido, ya matso, ya sake ƙurawa.

"Majid, dakata. Kamar Laban ne."

"Laban fari ne, duk Kudai an sani. Wannan kuwa ka ga kalarsa."

"Ai ka ga ya san ni."

"Kowane kare ya ga mutuwa sai ya san mutum."

Majid ya gyara tsayuwa, ya ƙara naɗe igiyar a hannu. Kalma ɗaya daga bakin Mukhtaru za ta ceci karen, amma kalmar nan za ta zagaye Mansur kafin la'asar. Ya ƙara cusa hannayensa cikin aljihu.

Kawu ya zaro waya. "Ga hotonsa na ranar Talata, fari. Ga na yau da safe, fari. Kunnensa na hagu a tsage yake, tun da wayar shinge ta kama shi. Duba ka gani."

Majid ya leƙa. "Wallah ban ga komai ba. Hoton ya yi ƙanƙanta. Buɗe shi."

Kawu ya gwada, yatsun suka ƙi. Hoton ya gudu, wani ya shigo. Majid ya yi tsaki.

"Zan ƙirga uku, ya ammi. Ina girmama ka, amma ba zan sake kwasar gawar tunkiya ba."

Kawu ya miƙa wa Mukhtaru wayar. "Karɓi, ɗana. Kai ka iya."

Mukhtaru ya dubi wayar. Ya dubi bututun. Ya dubi Laban, wanda ɗazu ya tsaya masa lamo yana shafa masa lalle, don ya ɗauka wasa ne.

"Wahid," in ji Majid. "Itnen."

Mukhtaru ya zaro hannayensa.

Jajaye ne har wuyan hannu, kamar na amarya. Da su ya riƙe wayar, ya buɗe hoton. Ga tsagar kunne nan a fili, ga kuma irinta sak a jikin jan karen.

Majid ya sauke bututun a hankali. Ya dubi kare, ya dubi hannayen, ya ce, "Mabruk, ya arusa, barka amarya. Yaushe ne ɗaurin auren?"

Kawu bai yi dariya ba. Ya durƙusa ya kwance igiyar, sannan ya ce wa Mukhtaru, "Da ba ni da hoton nan, da ka bari an kashe shi?"

Ya miƙe, ya nuna masa karen.

"To daga yau kai za ka share garke, ka ba shi ruwa da abinci, har ranar da ya koma fari. Tsaya kusa da shi. Ɗaga hannayen."

Kawu ya ɗauki hoto. Kafin la'asar, babu wayar da bai shiga ba a Mansur.

Darasi: Kada ka raina abin da wani yake adanawa don ƙauna. Hoton da aka yi wa dariya shi ya tsaya shaida ga dabbar da ba ta da bakin kare kanta. Kuma wasan da zai sa rai cikin haɗari ba wasa ba ne, a hannun mai shi yake barin tabo. Ku tura wa sarkin tsokanar nan na gidanku, kun san shi.