Wadda Ba Ta Fita Sai Kowa Ya Gama

Akwai wani mawaƙi a nan Dundee mai suna Fergus. Yana da ƴar ƙungiyar kiɗan rok da babu kamfanin da ya tsaya mata. Su ke tuƙa tsohuwar motarsu, su ke sauke kayansu. Mai buga musu ganga sunanta Rhona.

Ƙananan ƙungiyoyi irin wannan suna da al'ada. In an haɗa su wasa ɗaya, kowa yakan tsaya ya kalli na ɗan'uwansa, domin sau da yawa su ne makaɗan, su ne kuma ƴan kallon.

Fergus kam ya fi ƙarfin wannan. Sau ɗaya aka sa waƙarsa a rediyo, kansa ya kumbura. In wasu na wasa, sai ya shige mota yana cin kifi da soyayyen dankali har lokacinsa ya yi.

Rhona takan ƙwanƙwasa gilashi ta ce, "Ranka ya daɗe, fito mana. Yaran nan kujeru suke yi wa waƙa."

"Ke, ni zuwa na yi a kalle ni. Je ki tafa musu, tunda aikinki ke nan."

Haka za ta koma ta tsaya gaban dandali ita kaɗai tana tafi. Daga baya ma ya sallame ta, wai hannunta ya yi sanyi. Sauran ƴan ƙungiyar suka zame ɗaya bayan ɗaya.

Shekaru suka ja, furfura ta fito, waya ta daina ƙara. Fergus ya koma yawo shi da jitarsa. Ba wanda zai yi wa magana a hanya, ba mai kama masa kaya.

Wata Lahadi da rana wani mai mashaya a Aberdeen ya ba shi wuri bayan wasu ƙungiyoyin matasa biyu. Ya gargaɗe shi: "In ɗakin ya watse a kanka, kada ka sake kirana."

Amma hali bai bar shi ba, a mota ya zauna. Da ya shigo, matasan suka dube shi, suka kwashi kayansu da abokansu suka fice.

Ya fara waƙa, muryarsa tana dawo masa daga bango. Abin tausayi ne ƙwarai. Da ya kai ƙarshe sai ya ji tafin mutum ɗaya. Wata mata ce tsaye a gaba da rigar ruwa. Rhona.

Ya sauko ya nufe ta. "Saboda ni kika zo?"

"Kai dai ba ka canza ba. Ɗiyata ce ta buga ganga a ƙungiyar farko. Ni ce dai ba na fita sai kowa ya gama."

Ya ce, "Ta iya?"

"Da ka shigo, da ka ji."

Ta ja zif ɗin rigarta ta bi ɗiyarta. Mai mashaya ya hau jera kujeru bai ko dube shi ba. Fergus ya ɗauki kayansa zuwa mota shi kaɗai.

Darasi: Ka tsaya wa mutane ranar da ɗakinsu ba kowa, domin kai ma ranarka tana tafe. Wanda ya raina tafa wa wasu, kujeru zai ƙare yana yi wa waƙa. Ku tura wa wanda kuka san yana zaune a mota, ko zai fito tun da sauran lokaci.