Tunkiya da Ƙaramin Kare

Inna, ga ta nan, ga ta nanki. Tunda ba kya nan, ni zan amsa: ta zo mu ji ta.

Da Rago ya mutu, Tunkiya ta fita neman karen da zai tsare 'ya'yanta.

Babban Kare ya ce, "Uwar gida, Kura tana tsorona, amma kullum sai cinya."

Ƙaramin ya ce, "Ƙanzo ya ishe ni."

Ƙanzon take da shi, ta ɗauki ƙaramin.

Ranar kasuwa Kura ta tare ƙofa tana dariya: "Wannan ne mai gadin?" Shi kuwa ya sulale ta rariyar katanga, ya kirawo mafarauta, suka kori Kura. Tunkiya ta lashi 'ya'yanta, babu wanda ya ɓace.

Ƙurunƙus, kan ɓera ya rufe ta. Inna, kwikwiyon da kika bari ya fara haushi. Ban gaya wa kowa ba tukuna.