Lallen Kuluwa da 'Yan Dubiya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, ga tabarma mun shimfiɗa mata.

A wani gari wai shi Rafin Gwaza an yi wata yarinya, sunanta Kuluwa. Uwarta ta rasu ta bar mata abu ɗaya tak: bishiyar lalle a bayan ɗaki. Lallen nan ba irin na kowa ba ne. In ya yi fure, ƙamshinsa har kasuwa. Da ganyensa matan garin suke ƙunshi, saboda haka kowa gani yake nasa ne.

Wata shekara sai lallen ya yi laushi. Tsofaffin ganye suka koɗe, fure ya ƙi fitowa. Baffanta Ɗantani, wanda take hannunsa, ya zo ya duba, ya ce itacen da ba ya fure ai turke ne. In damina ta faɗi bai farfaɗo ba, zai sare shi ya ɗaure awaki a wurin. Saura wata biyu ke nan.

To, mutanen Rafin Gwaza suna da al'ada. In ciwo ya shiga gida, ko na mutum, ko na dabba, ko na itace, sai an zo dubiya. Ba a zuwa hannu rabbana, kuma ba a mayar da hannun kyauta baya.

Inna Yalwa mai kaji ce ta fara zuwa. Ta ce yunwa ce. Ta juye kwando guda na kashin kaji, ɗanye da ɗuminsa, a gindin lallen. Kuluwa ta durƙusa ta yi godiya. Kwana uku, bakin ganye ya ƙone kamar an bi shi da wuta.

Sai Tanko ɗan ga-ruwa ya zo. Ya ce ƙuna ba ta da magani sai ruwa. Safe garwa biyu, yamma garwa biyu. Kuluwa ta durƙusa ta yi godiya. Kwana uku, gindin ya zama taɓo, ganye ya yi rawaya yana zuba.

Sai Goggo Asabe mai tuwo ta zo. Ta ce sanyi ne ya kama shi, toka ce maganinsa. Ta zazzage daro guda. Kuluwa ta durƙusa ta yi godiya. Kwana uku, ƙasa ta yi fari, ta ƙanƙame kamar daɓe.

Ran nan da hantsi Kuluwa tana share ganyen da ya zube, sai ta ji lallen yana waƙa a hankali:

"Kuluwa, Kuluwa 'yar gidana,
Ba yunwa ba, ba ƙishi ba,
Alheri ne zai kashe ni."

Ta yar da tsintsiya ta zauna tana kuka. Sai ga Buzuzu ya zo wucewa, yana tura dunƙulen kashi da ƙafafun baya. Ya tsaya ya tambaye ta, ta kwashe duka ta gaya masa.

Buzuzu ya ce, "Yarinya, mu da kashi tun kaka da kakanni. Ban taɓa ba 'ya'yana ɗanye ba. Binne shi nake, ya huce tukuna. Abin da zai ƙosar da itace in ya huce, shi zai ƙone shi in ɗanye ne."

Ya ce ta kwashe duk abin da aka zuba, ta sassauta ƙasar don saiwa ta sha iska. Ruwa kuwa, ta tura yatsa cikin ƙasa tukuna. In ya fito da laima, ruwa ya jira gobe. Kuma bakin itace ba a gindinsa yake ba, yana can inda inuwarsa ta ƙare.

Kuluwa ta ce duk ta ji, amma gobe ma za su dawo da kayan dubiya, ta yaya yarinya za ta ce wa manya a'a? Buzuzu ya ce wannan kuma sha'anin mutane ne, ba ya cikin sana'arsa. Ya tura kayansa ya yi gaba.

Kuluwa ta yi tunani, ta yi tunani, ta yi tunani. Sai ta ɗauki fartanya. Ta kankare kashin da tokar, ta sassauta ƙasa, ta datse rassan da suka bushe. Sannan ta koma bakin zaure ta haƙa rami, zurfinsa gwiwa, ta shimfiɗa busasshen ganye a ciki, ta ajiye tabarma a gefe.

Da safe ga Inna Yalwa da kwandonta. Kuluwa ta tare ta a zaure, ta yi ƙasa da murya ta ce, "Inna, sannu da zuwa. Mara lafiyan ya samu barci yanzu-yanzu. Ajiye masa a nan, in ya tashi ni zan ba shi da hannuna."

Inna Yalwa ta ce Allah sarki, barci ai shi ne rabin magani. Ta juye a ramin, ta fita da sanɗa.

Goggo Asabe ta zo, aka ce yana barci. Kuluwa ta barbaɗa tafi guda na tokar a ramin, saura ta adana don wanke tukwane. Tanko ya zo, aka ce yana barci. Ta yayyafa wa ramin ruwa, saura ta cika randar Baffa. Tanko ya ce wannan itace ya fi mai jego barci. Kuluwa ta ce ai gajiyar baƙi ce.

Duk mako sai ta juya ramin. Ya yi zafi, ya yi tururi, ya huce. Ranar arba'in ta ɗebo, ya zama taki. Ga shi baƙi, ga laushi, ba wari sai ƙamshin ƙasar da ta sha ruwan fari. Ta ɗibi tafi uku kawai, ta zagaya da shi daidai ƙarshen inuwa, ta rufe da ƙasa.

Kwana bakwai, toho. Kwana goma sha huɗu, ganye shar. Ranar da hadarin farko ya taso, lalle ya fashe da fure, ƙamshi ya bi lungu-lungu.

Gari ya taru a bayan ɗakin. Inna Yalwa ta ce kajinta ne. Tanko ya ce garwarsa ce. Goggo Asabe ta ce murhunta ne. Kuluwa ta ce duk gaskiyarsu. Baffa Ɗantani kuwa, wanda ya ga komai daga zaure, ya gyara hula ya ce, "Ku dai kun kawo. Amma wadda ta san lokacin bayarwa, 'yata ce." Da kansa ya je daji ya saro ƙaya, ya kewaye lallen, kada akuya ko ɗaya ta kusance shi.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, tatsuniya ta koma raminta. Alheri ma ɗanye ƙuna yake yi. A bar shi ya huce, a ba da shi daidai ciki.