Takwaran Ɗan Injiniya Nazifi

To jama'a, ku gyara zama, ga wata nan ta zo muku. Ba ta kawo barci ba ce, ta gardama ce, don haka wanda ya san bakinsa ba ya gajiya ya matso kusa.

A wani gari na bakin fadama da ake kira Gadar Maje an yi wani saurayi mai suna Nazifi. Tun bai fara gemu ba mutanen garin suka laƙaba masa Injiniya, domin duk injin ban-ruwan da ya ƙi tashi, in ya shiga hannunsa sai ya yi tari ya kama aiki. Har liman in ya gan shi cewa yake, "Injiniya, an tashi lafiya?" Sunan kuwa yana yi masa daɗi, ba ya ma ɓoyewa.

Abin da garin bai sani ba shi ne, hannun ne injiniya, kan da sauransa. A sakandaren da ya yi, an yi wa malamin lissafi canjin wurin aiki suna tsakiyar karatu, ba a kawo wani ba, sai malamin aikin gona ke leƙo su in ya sami sarari. Da jarrabawar fita ta zo, Nazifi ya haddace tsofaffin tambayoyi da amsoshinsu kamar mai tilawa. Ya faɗi, ya sake, har Allah ya sa ya haye da ƙyar, aka ba shi gurbin karatun injiniya a jami'a. Ranar tafiyarsa har tasha aka raka shi, ana cewa ai yanzu takarda ce kawai za ta bi suna.

Ranar farko malami ya cika allo da rubutu, ya juyo ya ce, "Wannan duk kun sani tun sakandare, mu wuce." Yara sa'o'in ƙannensa suka gyaɗa kai, Nazifi ma ya gyaɗa. Haka ya yi ta gyaɗawa har wuya ya saba. Aikin gida kuwa sai ya karɓi na wani ya kwafa, wai sauri yake yi. To jarrabawa ba ruwanta da gyaɗa kai, ta kayar da shi warwas a lissafi. Dokar sashen kuma ita ce, wanda ya faɗi wannan darasi sau biyu sai ya nemi wani fannin. Dama ɗaya ta rage masa, in ta kuɓuce sai ya koma Gadar Maje da suna babu takarda.

Mutum uku ne suka tsaya masa, kuma babu wanda ya san abin da ɗan'uwansa ya yi.

Na farko Jazuli, ɗan ajinsu, wani siririn ɗan birni wanda bakinsa ba ya tauna magana. Wata rana Nazifi ya miƙa hannu zai karɓi aikinsa kamar kullum, Jazuli ya hana. Ya ja shi wani aji da babu kowa, ya damƙa masa alli, ya rubuta masa tambaya ta jami'a. Alli bai motsa ba. Ya share ya rubuta ta ajin ƙarshe na sakandare, shiru. Ya yi ta sauka, sai da suka kai lissafin 'yan aji uku sannan hannun Nazifi ya fara tafiya.

Jazuli ya ce, "Yaya Nazifi, ka yi haƙuri, ka girme ni, amma ba lissafin jami'a ne ya kayar da kai ba. Tun daga ƙasa tiyon ya fashe. Kai da kake gyaran inji, ka taɓa ganin wanda ya jawo ruwa da fasasshen tiyo? In na ci gaba da ba ka kana kwafa, wallahi ni na kashe ka."

Nazifi ya ji zafin maganar har cikin ƙashinsa. Ya ajiye alli ya fita, ya ɗauki gaba da yaron har ƙarshen zango. 'Yan aji da suka ga an daina gaisawa suka ce Jazuli marowaci ne, mai raina na gaba da shi, wasu ma suka daina zama kusa da shi. Jazuli ya shanye duka, bai taɓa gaya wa kowa abin da ya gani a wancan allo ba.

Da aka yi dogon hutu Nazifi ya dawo gida, maganar Jazuli tana nan a ransa. Ya san gaskiya ce. Amma a Gadar Maje, wa Injiniya zai je ya durƙusa wa ya ce a koya masa lissafin 'yan aji uku? Kunya ta fi ƙarfinsa.

Na biyu Malam Ɗayyabu, tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya, yana tara yaran sakandare a zaurensa lokacin hutu yana yi musu ƙarin darasi. Nazifi ya je gaishe shi, ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya ce wani abokinsa ne yake neman aron littafin lissafin aljabara na ƙananan aji. Tsoho ya dube shi ya daɗe, ya ce, "Littafi kam akwai. Amma ni ma ina da bukata, Injiniya. Idanun nan sun fara cin amanata, ba na ganin abin da nake rubutawa a allo. Ka taimake ni ka riƙa rubuta wa yara. Sai dai ka zo da sassafe kafin su taru, in nuna maka yadda nake so a yi shi, don kada salonku na jami'a ya rikita su."

Haka aka yi. Kullum da safe tsoho ya zaunar da shi ya bi masa darasin ranar tiryan-tiryan, in ya ga bai zauna ba sai ya ce, "Bari in sake, tsufa ya sa na manta ko na faɗa." Hantsi na yi Nazifi ya miƙe ya koyar da abin da ya koya ɗazu, yara suna ce masa ƙaramin malam. Labari ya bazu cewa Malam Ɗayyabu ya kusa makancewa, har wasu iyaye suka janye 'ya'yansu. Mutumin da ya yi shekaru yana alfahari da cewa ko tabarau bai taɓa sawa ba, sai ga shi ya bari ana yi masa jaje a masallaci, yana amsawa. Sai gab da ƙarshen hutu Nazifi ya shiga zaure ba zato, ya tarar da tsohon yana zura wa matarsa zare a allura, zurawa ɗaya. Malam ya yi gyaran murya, Nazifi ya dubi ƙasa, kuma har yau babu wanda ya ta da zancen.

Na uku Lurwanu, wansa uwa ɗaya uba ɗaya. Hutun nan a tsakiyar damina ya faɗo, kuma tun rasuwar mahaifinsu, gonar gado da ke ciyar da mahaifiyarsu da ƙannensu tare suke nomanta. Da Lurwanu ya ga ƙanen nasa yana zuwa gona da rana tsaka, yana noma yana motsa baki da lissafi, sai ya karɓe fartanyar daga hannunsa.

Ya ce, "Ni ban san abin da kake nema a zauren Malam ba, kuma ba zan tambaye ka ba. Amma na san fuskar wanda ruwa ya kusa ci. Tafi, kada in ƙara ganinka a gonar nan bana."

Ya noma rabonsa ya noma na Nazifi. Ciyawa kuwa ba ta jiran kowa, kafin ya gama maimai a gonar gado ta cinye tasa ta kansa. A shekarar nan rumbun Lurwanu ko rabi bai yi ba, ɗakin da ya yi niyyar rufewa da kwano ya ƙara shan wata daminar yana yoyo, matarsa tana tara kwanuka tana mita. Bai taɓa yi wa ƙanensa gori ba, ko da wasa.

Nazifi ya koma makaranta ya zauna jarrabawar, ya ci, ci kuma mai kyau. Ya nemi Jazuli ya ba shi haƙuri, Jazuli kuwa ya yi dariya ya ce, "Yanzu kam in kana son aikina zo ka ɗauka, tunda ba ka bukata." Daga nan karatu ya miƙe. Ya gama, ya sami aiki a ma'aikatar ruwa, ya auri wata yarinya mai suna Ramlatu, Allah ya ba su ɗa namiji.

A nan gardamar take. Sunan mahaifinsu an riga an sa wa ɗan Lurwanu, saboda haka Nazifi ya ƙudura zai yi wa ɗaya daga cikin mutanen nan uku takwara. Ana gobe suna ya zaunar da mahaifiyarsa da matarsa, ya kwashe labarin duka ya gaya musu, abin da bai taɓa yi ba.

Mahaifiyarsa ta ce, "Lurwanu mana. Su sun ba ka magana, shi ya ba ka abincin bakin 'ya'yansa."

Ramlatu ta ce, "Inna, ki gafarce ni, ɗan'uwa dolensa ne. Tsohon nan fa babu abin da ya haɗa su, ya zubar da girmansa don a rufa wa wani asiri."

Nazifi ya ce shi kuma ba don Jazuli ya faɗa masa abin da kowa ya ƙi faɗa ba, da ko zauren Malam bai nufa ba, da kuma Yaya bai sami dalilin karɓar fartanya ba. Inna ta ce to a sa wa wannan jaririn sunan ɗaya, sauran su jira na baya. Ramlatu ta ce ita ba ta yi wa kowa alƙawarin maza uku ba, kuma ko ta yi, kowa ya san ɗan fari ɗan fari ne.

Gari ya waye, rago yana ɗaure, ana raba goro da dabino. Ga Jazuli ya taso tun daga birni, ga Malam Ɗayyabu a kan tabarma, ga Lurwanu yana ta kai da kawo da baƙi. Liman ya karkato kunne ya ce, "Injiniya, wane suna?"

To, ku da kuke zaune, in ku ne Nazifi, sunan wa za ku raɗa wa liman: wanda ya nuna masa ciwonsa, ko wanda ya ba shi magani bai kunyata shi ba, ko wanda ya bar gonarsa ta mutu don ya samu ya sha maganin?