Majemar da Aka Ce Ba Ta da Uba

An ce wai wasu attajiran ƙetaren teku sun kafa majema a garin Rafin Marke. Da yake sun san ɓarnar sana'arsu, sai suka raɗa mata suna dabam, suka ɗora wani ɗan gari, Tanimu, a kujera, suka ce shi ne mai ita. Fata ta haye teku, ƙazanta ta zauna da talakawa. Wannan rashin imani har ina!

Ruwan jima ya bi lambatu ya gangara rijiyar unguwa. Awakin wata tsohuwa, Tabawa, suka mutu, 'yarta ta kwanta rai a hannun Allah. Ta kai ƙara gaban Alƙali Bawa, attajiran kuwa suka aiko wakili da jibgin takardu.

Wakilin ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ɗa in ya balaga laifinsa nasa ne. Majemar nan gashin kanta take ci, ga mai ita nan zaune. Ba ma sa ta, ba ma hana ta."

Tabawa ta ce, "Tanimun da ko akuya ba shi da ita? Ku ji tsoron Allah."

Alƙali bai ko dubi takardun ba. Ya sa aka kawo shebur, ya ce, "Tanimu, tunda majema taka ce, lambatun ma naka ne. Je ka toshe shi yanzu, in sallami kowa."

Tanimu ya miƙa hannu, sai ya waiwayi wakili. Wakilin kuwa ya san in aka toshe lambatun aiki ya tsaya, jirgi ya koma ba fata, sai ya ɗan girgiza kai. Tanimu ya janye hannunsa, ya ce, "Sai an rubuta musu sun yarda tukuna."

Ran alƙali ya ɓaci. Ya ce wa wakilin, "Kun haɗa takardu don ku ce ba ku ba ne, ga shi da girgiza kai ɗaya ka hana mutum taɓa abin da kuka ce nasa ne. Iyayen gidanka za su yi jinyar 'yar nan, su haƙa sabuwar rijiya. Kafin nan ba ka barin garin, kuma daga rijiyar Tabawa za a riƙa ɗebo maka ruwan sha."

Cikin kwana tara aka gama rijiya.

Shi ya sa masu hankali ke cewa, wanda linzami ke hannunsa shi ne mahayi, ko sunan wa aka rubuta a sirdi.